Dangwalena a Bayan Katin Magani

Ni ban yi makaranta ba, kuma ba yau aka fara yi mini gori a kai ba. Wannan takardar ma maƙwabciyata ce take rubutawa ina faɗa mata, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini baki. Shekara ashirin da biyu na yi ina shara da zubar da fo a ɗakin mata na asibiti. Ban iya karanta sunan magani ba, amma tun daga bakin ƙofa ina gane warin kashin wanda jini ke zuba a cikinsa. Ku riƙe wannan.

Maganar ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya rasu, yanar ido ta rufe mata gani, haske da duhu kawai take bambancewa. Tana zaune a ɗakin baya a gidan babban ɗanta, wanda kowa ke ce wa Manaja saboda shi ke riƙe da makullan sito a wani kamfanin sayar da taya. Matarsa malamar makaranta ce, Malama muke ce mata.

Shekara uku ƙanwata tana fama da olsa. Da abin ya ci tura, likita ya zura mata kyamara ta maƙogwaro, ya ce gyambo biyu ne a cikin. Mu uku ne a gabansa: ni, ita, da Manaja, wanda rabin hankalinsa ke kan waya.

Likitan ya ce, "Tsohon maganin nan da sai an sha kafin karin kumallo a jira rabin awa, ya gaza mata. Zan rubuta sabo. Shi wannan ba ruwansa da ko an ci abinci ko ba a ci ba, kuma tun ranar farko yake danne tsamin ciki. Ƙwaya ɗaya kullum, sati takwas, kada a tsallake. Abu na biyu: irin magungunan ciwon gwiwa da baya da ake saye a kyamis, ko ɗaya kada ya shiga bakinta. Su ne ke huda gyambo."

Na ce wa Manaja, "Kai, ka ji?"

Ya ce, "Na ji, Inna," idonsa a kan waya.

An zaga kyamis-kyamis ɗin garin ba a samu maganin ba. 'Yar ƙanwata da ke aure a nesa ita ta nemo, ta ba direban mota ya kawo. Kati huɗu ne, kowanne ƙwaya goma sha huɗu. Da yake ƙanwata tana shan na hawan jini kuma, ni kuwa ba karatu, sai na yi abin da na saba. Na jiƙa bular wanki a murfin kwalba, na tsoma babban yatsana, na dangwala a bayan kowane kati. Shuɗi huɗu, yatsa huɗu.

Malama tana tsaye tana kallo. Ta yi dariya ta ce, "Inna, banki aka zo ne ake dangwale?"

Na ce, "Yi dariyarki, 'yar nan. Kowa da irin alƙalaminsa."

Satin farko sai ka ce an zare wa ƙanwata ƙaya. Matar da ke kwana a zaune saboda ƙwannafi ta koma miƙewa a katifa. Ta sha shayi da burodi ta nemi ƙari. Har tsokanata ta yi, wai na tsufa ina jan ƙafa kamar tsohuwar agwagwa. Ranar nan Manaja ya leƙo yana dafe da ƙirji, ya ci abinci mai yaji a wurin aiki. Ita da kanta ta ce, "Ɗauki ɗaya mana ka gwada." Na ce a'a, ƙidayayye ne. Ta ce, "Haba Yaya, ɗaya tak." Ya ɓalla ya haɗiye. Ban so ba, amma tsakanin ɗa da uwarsa ne.

Ni gidana yana da nisa, mota biyu nake shiga, saboda haka Talata da Asabar nake zuwa. Wata Talata na tarar katunan ba sa kan tagar da na ajiye su. A madadinsu ga wani ɗan akwatin roba mai gida bakwai, kowane gida da murfinsa.

Na ce, "Wannan fa?"

Malama ta ce, "Na zamani ne, Inna. Gida ɗaya rana ɗaya. Mama ba ta gani, ɓalla kati yana ba ta wahala. Ni zan riƙa zuba mata duk sati."

"Katunan suna ina?"

"Suna durowata. Zafi yana lalata magani."

Tagar nan ba rana ke bugunta ba, ni na zaɓe ta. Amma na ce to. Wanda bai yi boko ba, in ya cika tambaya sai a ce jahilci ne ke damunsa.

Asabar ɗin da ta biyo baya, ƙanwata ta kama hannuna ta jawo ni kusa.

Ta ce, "Yaya, maganin nan ba shi ba ne."

"Kamar yaya?"

"Wancan santsi gare shi, yana wucewa ban sani ba. Wannan yana da kaushi a harshe, kuma in ya sauka sai in ji kamar an ajiye mini garwashi."

Na buɗe gida ɗaya na duba. Ƙwaya ce ƙarama, launinta kusa da na wancan. Idona ba na yarinya ba ne, ban iya rantsewa ba. Na ɗauki akwatin na fita falo, na tarar da Manaja yana ɗaura agogo.

Na ce, "Uwarka ta ce an canza mata magani."

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Inna, Mama fa ta fara rikicewa. Tsufa ne. Shekaranjiya cewa ta yi an matsar mata da gado."

Malama ta amsa daga kicin, "Jiya ma da sunan 'yarta ta kira ni."

Na ce, "Ni na girme ta da shekara biyar, ban rikice ba. A nuna mini katin."

Malama ta ce makullin durowa yana jakarta, jakar kuma ta manta da ita a makaranta. Ranar Asabar. Na dube ta, ta dubi tukunya.

Manaja ya ce, "Inna, don Allah ke likita ce? Shara fa kika yi a asibiti."

Na ce, "Shara na yi, da ita kuma na saya maka takalmin makaranta sau biyu."

Ya yi 'yar dariya, ya ce a gafarce shi ya makara, ya fita.

Daga nan kwanakin ƙanwata suka fara lalacewa. Talata na same ta ta koma kwana a zaune, ta jingina da bango da filo biyu. Asabar ta bar burodi, shayin ma sai ta kurɓa sau biyu ta ture. Na ce a mayar da ita wurin likita. Manaja ya ce likita ya ce sati takwas, a bar magani ya yi aikinsa, gaggawa aikin shaiɗan ce. Malama ta ce ai Mama ce ke satar cin yaji in ba kowa. Makauniya, a ɗakin baya, ita ce za ta lallaɓa kicin ta nemo yaji! Na ce a kira 'yarta a waya. Suka ce kada a tayar mata da hankali, tana da juna biyu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, kullum da safe sai ta faɗa. Malama ta miƙa mata ƙwaya da ruwa, ita kuma ta ce, "'Yar nan, ba shi ba ne." Malama ta ce, "Shi ne, Mama, sha." Sai ta sha. Har ya zama abin dariya a gidan. Maƙwabta in sun shigo gaisuwa, sai a rage murya a ce musu, "Sai haƙuri, kan ya ɗan taɓu." Wata ma a gabana ta daka mata tsawa a kunne, "Mama, kin gane ni?" kamar mai magana da kurma. Ƙanwata ta ce, "Na gane ki, ke ce mai sayar da ƙanƙara, kuma ba sai kin fasa mini kunne ba." Aka yi dariya. Duk da haka da matar za ta fita sai da ta ce, "Allah sarki, tsufa."

A hankali ta daina faɗa. Ranar da na tambaye ta, sai ta ce, "Na gaji da a ce na haukace, Yaya."

Talatar sati na biyar na iso da hantsi. Ina ɗaga labulen ɗakinta warin ya buge ni. Na san shi. Shekara ashirin da biyu ina ɗaukarsa a hannuna. Na jawo fo daga ƙarƙashin gado, ga shi baƙi ƙirin, yana yauƙi kamar kwalta. Na duba cikin idonta, fari fat. Tafin hannunta kamar takarda.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Kwana uku. Malama ta ce maganin ne ke wanke ciki."

Ba kowa a gidan, duk sun tafi aiki. Durowar a kulle. To ni mai shara ce, kuma mai shara ba ta buƙatar makulli. Duk abin da gida ya ɓoye a durowa, ƙarshensa kwandon shara. Na zazzage babban kwandon bayan kicin a ƙasa, na tona da hannuna cikin ɓawon albasa da ganyen shayi. Na sami kati biyu da aka gama ɓallewa. Na juya bayansu. Ba shuɗi, ba yatsa. Wani rubutu ne ja.

Na ƙulle su a bakin zanena tare da akwatin robar. Na fita titi na tare mai tasi, muka ciccibe ta ni da shi, domin da ta miƙe sai ƙafafun suka ƙi. A mota ta yi amai, baƙi, kamar dusar kofi.

A asibiti aka ɗaura mata ruwa, aka ce sai an ƙara jini leda biyu. Likitan da ya rubuta maganin ya zo, ya ce, "Tana shan abin da na rubuta kuwa?" Na kwance bakin zane na miƙa masa. Ya duba katin, ya buɗe akwatin, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya juya ta. Sai ya cire gilashinsa.

Ya ce, "Wa ya ba ta wannan? Wannan ai maganin ciwon gaɓoɓi ne, mai ƙarfin ma. Shi na ce kada ta kusanta."

Lokacin Manaja da Malama sun iso. Manaja ya yi caraf ya ce, "Likita, ni dama na yi zargin maganin da aka aiko jabu ne. Ka san kasuwa yanzu."

Na ce, "Jabu ne ya cire kansa daga kati ya shiga wani kati?"

Ya ce, "Inna, nan asibiti ne, ki rage murya."

Na ce, "Ni za ka gaya wa asibiti ne? Tayil ɗin da kake tsaye a kai ni na goge shi."

Na san an musanya. Abin da ban sani ba shi ne inda na gaskiyar ya tafi. Na yi zaton sayarwa suka yi. Ashe abin ya fi haka ƙanƙanta, ya kuma fi haka muni.

Kwana biyu bayan nan, lokacin ziyara da la'asar, sai ga wani babban mutum mai tumbi da ƙamshin turare, direba na bin sa da kwandon lemo. Manaja ya miƙe har yana tuntuɓe da kujera. "Ranka ya daɗe, da kanka?" Mai kamfaninsu ne, Darakta suke ce masa. Mutumin kirki a fuska, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya durƙusa ya gaishe da ƙanwata, ya tambayi abin da ke damunta.

Na ce, "Olsa ce ta fashe."

Ya ce, "Subhanallahi! Olsa? Manaja, kana da maganin olsa a hannu ka bar Mama ta kai haka?" Ya juyo wurina. "Hajiya, ni shekara goma ƙwannafi bai bar ni na yi barcin kirki ba. Ba irin wanda ban sha ba. Yaron nan ya kawo mini wani sabo, wai wani abokinsa likita ne ke samo masa daga waje. Wallahi ranar da na fara sha, ranar wutar ta mutu. Kati uku ya ba ni, har na ba surukina ɗaya. Bari ki gani, ba na rabuwa da shi."

Ya sa hannu a aljihu ya zaro kati, saura ƙwaya huɗu a jiki. Ya miƙo mini.

Na karɓa na juya bayansa. Ga yatsana nan, shuɗi, har da tabon da wuƙa ta yi mini a gefe.

Na matsa bakin gadon. Na ɓalli ɗaya, na ce wa ƙanwata, "Buɗe bakinki." Na ɗora mata a harshe. Ta juya ta sau ɗaya.

Ta ce, "Yauwa. Wannan shi ne."

Na ɗaga katin, na ɗora babban yatsana kusa da shuɗin, na ce, "Ranka ya daɗe, abokin nasa likita ga shi nan a kwance ana ƙara masa jini. Wannan hannuna ne. Na makauniyar nan ne kake sha."

Darakta ya dubi katin, ya dubi ledar jinin da ke rataye, ya dubi Manaja. Ya ajiye hannu a baki. Sai ya ce, "Allah ya ba ta lafiya," ya fita, direba ya bi shi da sauri har ya manta bai ajiye lemon ba.

A baranda Manaja da Malama suka tare ni, kowa da nasa uzurin.

Manaja ya ce, "Inna, ba yadda kike tsammani ba ne. Sau ɗaya na ba shi, ya ji daɗi, ya riƙa tambaya. Mutum ne da ake rage ma'aikata a hannunsa. In ce masa babu? Niyyata in sayo in mayar, aka ce ba a samu. Kuma ai na ga Mama ta warke a satin farko."

Na ce, "Likita sati nawa ya ce?"

Ya kau da kai.

Malama tana kuka ta ce, "Ni ce mini ya yi in cike gurbin na kwana biyu kada Mama ta ga babu. Na je kyamis na ce a ba ni ƙaramar ƙwaya mai amfanin tsofaffi. Na ga gwiwarta ma tana ciwo, na ce gara in ba ta mai amfani da in ba ta na banza. Wallahi alheri na nufa. Ba wanda ya gaya mini yana huda ciki."

Na ce, "Wanda aka gaya wa yana danna waya. Amma ke, da take ce miki ba shi ba ne, kullum, sati uku, kin san gaskiya ta faɗa ko ba ki sani ba?"

Ta sunkuyar da kai.

"Kin sani. Shi ma ya sani. Kuka ce wa unguwa ta haukace."

Manaja ya ce, "Inna, yanzu dai kin tona mini asiri a gaban maigidana. In aka kore ni, wa zai riƙe Mama?"

Na ce, "Riƙon da ka yi mata na gani, yana rataye a ƙarfe yana ɗiga."

Na koma ciki ina huci. Na zauna a bakin gadon na ce wa ƙanwata in an sallame ta gidana za ta, ɗakina ɗaya ne amma ba durowa a ciki. Na ce kuma zan tara dangi a faɗi abin da aka yi. Ta lalubo hannuna. Muryarta ba ta fita sosai.

Ta ce, "Yaya, ki bar maganar nan. In dangi sun tambaya, ki ce ni na ba shi. Ko ki ce ni na rikita magungunan. Ai ƙila dai na rikice ɗin."

Na ce, "Me kika ce?"

"Ɗana ne, Yaya. Gara a ce na rikice."

Nan ne na yi kuka, ni da ban yi ba ko da na ga fo. Sati uku tana rantsuwa hankalinta ɗaya ba wanda ya yarda. Ranar da gaskiyarta ta fito, ranar ta ɗauki haukan da suka liƙa mata ta yafa da hannunta, don kada a kira ɗanta da sunan da ya dace da shi.

To ni ban yafa ba. Yau kwana goma sha tara tana ɗakina. Likita ya sake rubuta maganin daga farko, 'yarta ta sake aikowa, yana ƙulle a lalitata, kowane kati da yatsana. Tana cin abinci kaɗan-kaɗan. Har yanzu in ta miƙe sai ta dafa bango. Manaja ya aiko da buhun shinkafa, na ce a mayar masa, ba yunwa ce ta kwantar da ita ba. Kawun Manaja ya zo ya ce in yi haƙuri, abin cikin gida ne, a rufa wa juna asiri. Na ce rufin asirin ne ya kai ta gadon asibiti.

Ga abin da nake nema, ku dangi da za a karanta wa wannan. Ba na neman a kore shi daga aiki, ba na neman a kai kowa kotu. Ina so shi da matarsa su zo tsakar gidansu, a kira maƙwabtan nan da aka rage wa murya, har da mai ƙanƙara, a zaunar da ƙanwata a kujera. Ya buɗe baki ya ce, "Uwata ba ta rikice ba. Da ta ce ba shi ba ne, ba shi ba ne. Ni na ɗauke." Kalma ce ba ta kai ashirin ba. Ya yi digiri, zai iya.

In ya faɗa, na yafe nawa, nata kuma tsakaninsu. In bai faɗa ba, katin yana nan wurina da ƙwaya uku a jiki, kuma ƙafata ba ta gaji da shiga mota biyu ba. Gida-gida zan bi da shi.

Maƙwabciyata ta ce in kawo hannu ta koya mini rubuta sunana a ƙasan takardar. Na ce ta bar shi. Miƙo mini bular.